Lissafin Tukunyar Dare: Inda Ribar Ɗan Kasuwa Ke Zurarewa

A cikin rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, watau NBS, ta fitar game da yadda gidajen Nijeriya suka kashe kuɗinsu a shekarar 2019, akwai wani layi guda da ya cancanci duk mai harkar saye da sayarwa ya tsaya a kansa. Daga cikin naira tiriliyan 40 da ɗoriya da iyalai suka kashe a wannan shekara, fiye da kashi 56 cikin ɗari abinci ne ya cinye, kuma a cikin kuɗin abincin, kaso mafi tsoka ya tafi ne ga abincin da aka saya aka ci a waje, wanda shi kaɗai ya lashe kusan naira tiriliyan 4.6. Ya zarce abin da aka kashe a kan shinkafa, ya zarce na doya da rogo da danginsu, ya zarce na nama.

Wannan kuwa tun kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuma tun kafin hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekarar 2024. Ko da yake farashin wasu hatsi ya ɗan sassauta daga baya, kwanon tuwon da mai sayarwa ta riga ta ƙara wa kuɗi ba kasafai yake komawa tsohon farashinsa ba, domin ita ma tana biyan hayar rumfa, da kuɗin mota, da gawayi ko iskar gas, da 'yan aikinta. Saboda haka batun abin da iyali za su ci da dare, da kuma abin da za a yi da wanda ya rage, ya tashi daga hirar mata a madafa, ya zama batun jari da riba.

Babu wanda ya san rayuwar 'yan kasuwar Arewa mazauna Kudu da zai yi mamakin yadda sayen abinci ya zama musu jiki. Mai kayan gwari a kasuwar Mile 12 ta Legas yana tsaye tun kafin asuba yana jiran motocin tumatir da attaruhu da albasa su sauke. Mai shago a tsibirin Legas da ke zaune a Agege yakan ba hanya sa'o'i da dama kowace rana, tafiya da dawowa, saboda cunkoson motoci. Haka abin yake ga masu hatsi a Bodija ta Ibadan, da masu canji a Sabo, da 'yan uwansu na Fatakwal da Anacha da Owerri. A gidaje da yawa kuma uwargida ita ma tana da tata sana'ar, ko ɗinki, ko koyarwa, ko aikin asibiti, ko shago. Idan kowa ya dawo bayan magariba a gajiye, aika yaro wurin mai tuwo-tuwo ko mai shayi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a ɗora sanwa.

Sauƙin dai yana da farashi, kuma farashin ba ya bayyana ne domin kaɗan-kaɗan yake fita. A ɗauka, alal misali, gida ne na mutum 6, kuma kowane kwano ya tashi a kan naira 1,500. Abincin dare ɗaya ya kama naira 9,000 ke nan. Idan aka yi haka a ranakun aiki 22 na wata, an kashe naira 198,000, watau kusan ninki uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024, kuma wannan abincin dare ne kurum, ban da kalaci, ban da na rana. Ɗan kasuwar da zai tsare yaron shagonsa da tambaya a kan giɓin naira 500 a cinikin yini, shi ne kuma zai zaro naira 9,000 kowane dare ba tare da ya taɓa rubuta ta a ko'ina ba.

Ba wai dafa abinci a gida kyauta ne ba. Amma idan aka warware kuɗin da ake kashewa a kan tukunyar miya, za a ga cewa wani ɓangare nasa ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar yawan miyar. Zuwa kasuwa sau ɗaya ne, ko mudu za a sayo ko kwando. Kai markaɗe inji sau ɗaya ne. Wutar da za ta ƙone ruwan tumatir na cin dare ɗaya ta fi kashi ɗaya cikin uku na wadda za ta ƙone na dare uku, ga kuma wanke-wanke da tsayuwar mai girki. Wannan shi ne dai ilmin da kowane ɗan sari ya sani a kasuwa: motar da ta ɗauko buhu 10 da wadda ta ɗauko buhu 100 duk direba ɗaya suke biya. Gidan da ke cefane kullum, yana awo kullum, yana hura wuta daga farko kullum, yana sayen komai ne a kan farashin ɗai-ɗai, alhali maigidan yana iya kasancewa shi ne dillalin da ke sayar wa wasu a kan sari.

Abin da ya dace da mako mai yawan hidima shi ne a raba girki gida biyu: aikin da ke cin lokaci da wuta a yi shi sau ɗaya ko sau biyu a mako, a ranar da kasuwa ta yi sauƙi, aikin da ke da sauri kuma a bar shi ga kowane dare. Tafasa markaɗe har ya kafe a soya shi da mai, da dafa nama a soye shi, da gyara wake a dafa shi rabin nuna, da daka kayan ƙamshi da daddawa, su ne masu cin sa'o'i. Tuƙa tuwon semo ko na garin masara, da dafa shinkafa ko taliya, da kaɗa kuka ko busasshiyar kuɓewa a cikin romon da ya riga ya haɗu, ba su wuce rabin sa'a zuwa minti 40 ba. Soyayyen markaɗe guda ɗaya yana iya zama miyar shinkafa ran Litinin, ya zama gindin dafa-duka ran Talata, a ƙara masa alayyafo da gyaɗa ran Laraba ya raka tuwo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ƙarfe bakwai na yamma a ranar aiki ranar tafiya ce.

Abin ban sha'awa shi ne, babu wani sabon ilmi da ake bukatar a aro daga waje game da sarrafa ragowar abinci, domin girkin Hausa ya daɗe da tanadar masa gurbi har da sunaye. Tuwon da ya kwana, idan aka yayyanka shi aka mayar a wuta tare da miyarsa, shi ne ɗumame, kuma akwai dattawa da yawa da suka fi son sa a kan sabon tuƙi, domin miyar ta riga ta ratsa shi. Abin da ya kama a gindin tukunya ana kankare shi a shanya ya zama ƙanzo, a ajiye shi wata da watanni, ranar da aka bukata a jiƙa a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai. Masu waina sun san cewa ƙullu ba ya yin laushi yadda ake so sai an zuba masa dafaffiyar shinkafa, don haka shinkafar jiya tana da wurin zuwa. Dafaffiyar doya da ta rage takan koma fate ko a soya ta da ƙwai, naman da ya rage kuma a daka shi ya zama dambu, wanda ke jure kwanaki ba tare da firji ba. Waɗannan duk dabaru ne na mutanen da suka san wahalar noma hatsi, ba su kuma yarda ƙwaya ɗaya ta tafi a banza ba.

To, ina matsalar take? Kaso babba nata yana wurin maigida. Akwai gidajen da aka ɗauki sabon girki kowane dare a matsayin ma'aunin daraja, har maigida yakan ture kwano idan ya ji alamar miyar jiya ce, yana ganin an rena shi, musamman idan Allah ya buɗa masa ya fara tara 'yan kuɗi. Wannan ra'ayi ya samo asali ne daga zamanin babban gida, inda mata ke karɓa-karɓar girki, ga 'yan mata masu taya aiki, ga itace a bayan ɗaki, ga rumbu a tsakar gida. Ɗauko wannan doka a ɗora ta a kan mace ɗaya da ke zaune a ɗaki biyu na haya a Idi-Araba, wadda ita ma ta yini a wurin neman kuɗi, rashin lissafi ne, kuma sakamakonsa ɗaya ne cikin biyu: ko dai ta bar sana'arta da wuri kullum, gida ya yi asarar abin da take samowa, ko kuma ta gaji a koma saye. Duk wanda aka zaɓa, aljihun maigidan ne zai ji a jikinsa.

Lokacin mace mai sana'a yana da farashi kamar na kowane ma'aikaci, ko da ba a biyan ta shi. Sa'o'i biyu a madafa kowane dare sa'o'i 10 ne a ranakun aiki na mako, fiye da yini guda na aiki. Telar da ta ba da yini guda a kowane mako ga aikin da za a iya gama shi a sa'o'i huɗu ta yi asarar ɗinkin da ba zai dawo ba. Maigidan da ya fahimci haka, rabonsa na aikin a bayyane yake: shi ne ke cikin kasuwa, shi ya san ranar da kaya suka cika farashi ya karye, shi ya kamata ya sayo da yawa a wannan rana, ya kuma ci abin da aka ɗumama ba tare da ɓata fuska ba, domin yara na kallon fuskarsa kafin su sa hannu a kwano.

Akwai kuma wani bambanci tsakanin Arewa da Kudu da ba a cika lura da shi ba. A Kano ko Katsina ko Sakkwato, ragowar abinci tana da hanyoyin fita da yawa: ga almajiri a bakin ƙofa, ga maƙwabta da ake miƙa wa kwano ta kan katanga, ga awaki da kaji a bayan gida. Uwargida da ta saba da wannan takan dafa da yalwa ba tare da fargaba ba, domin ta san babu abin da zai zube. Idan aka dawo da wannan hannu mai yalwa gidan bene a Legas ko Fatakwal, inda babu akuya kuma ba kowa ke ƙwanƙwasa ƙofa ba, rarar takan ƙare a kwandon shara. Rahoton da Shirin Kula da Muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNEP, ya fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa an zubar da abinci fiye da tan biliyan 1 a duniya a shekarar 2022, kuma kashi 60 cikin ɗari na wannan daga gidaje ya fito. Rahoton ya kuma lura cewa ɓarnar ba ta ƙasashe masu arziki kaɗai ba ce, har ma ƙasashe masu zafi sun fi nuna yawan zubarwa a kan kowane mutum, kuma rashin wuraren sanyaya abinci na cikin dalilan da ya kawo.

A nan ne ya wajaba a yi taka-tsantsan, domin tattalin da ya kai iyali asibiti ya zama asara biyu. Dabarun da aka gada an gina su ne a kan busasshiyar iskar Arewa. Ƙanzon da zai bushe ƙarau a yini ɗaya a Kano lokacin hunturu yana iya yin fumfuna a Fatakwal kafin ya bushe, kuma tuwon da ke kwana lafiya a sanyin Disamba a Zariya yakan yi yami kafin gari ya waye a laimar Legas. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan wannan gajeriya ce: kada dafaffen abinci ya wuce sa'o'i 2 a ajiye a zafin ɗaki, a riƙe shi ko dai ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60 a ma'aunin Salsiyas, idan kuma za a ɗumama a tabbata zafi ya ratsa shi ciki da waje. Kular abinci, wadda gidaje da yawa suka dogara da ita, tana da amfani na 'yan sa'o'i, amma idan abinci ya kwana a cikinta yakan sauko zuwa ɗumi-ɗumin nan da ƙwayoyin cuta suka fi so.

Shinkafa ce ta fi bukatar kulawa, ga shi kuma ita ce aka fi raina haɗarinta. Akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira Bacillus cereus, wadda irinta ke jure dahuwa. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ɗumi, sai ƙwayar ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuwa ɗumamawa ba ta kashe ta, kuma shinkafar na iya kasancewa ba ta canza wari ko ɗanɗano ba. Don haka shinkafar da za a ajiye a baza ta a faranti ta huce da wuri, a rufe a sa a firji, a ɗumama sau ɗaya tak. Wadda ta kwana a tukunya a kan murhu a daren zafi, zubar da ita ya fi arha a kan kuɗin ƙarin ruwa. Haka nan rufe abinci ba batun ƙuda kaɗai ba ne: zazzaɓin Lassa, wanda ke yawan ɓulla a jihohi irin su Edo da Ondo da Ebonyi, yana yaɗuwa ne ta abincin da fitsari ko kashin ɓera ya taɓa, abin da ya sa shanya ƙanzo ko garin rogo a buɗe a ƙasa, ko barin kwano ba murfi cikin dare, ya zama ganganci.

Duk wannan ya komo kan wutar lantarki, wadda ita ce ainihin ƙashin bayan lissafin. A Afrilun 2024 Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, watau NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin sa'o'i 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Wanda ke wannan rukuni yana da wutar amma da tsada, wanda ke sauran rukunan kuma yana da arha amma ba tabbas. Duk da haka firiza mai murfi a sama, idan tana cike kuma ba a yawan buɗe ta, tana iya riƙe ƙanƙararta yini guda ko fiye bayan an ɗauke wuta, kuma abin da take sha a wata bai kama ƙafar abin da ake kashewa wajen sayen abincin dare ba. Gidan da ba shi da tabbacin wuta ko kaɗan sai ya karkata ga abin da ba ya bukatarta: markaɗen da aka soya har mai ya taso kansa, da soyayyen nama, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da kauɗar tumatir, da busasshen kifi, tare da tsohuwar al'adar nan ta tafasa miya safe da yamma. Tukunyar nan mai hawa biyu da yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tana sanyaya kayan miya ne ta hanyar ƙafewar ruwa, don haka ta fi aiki a busasshiyar ƙasa, kuma bai kamata mazaunin bakin teku ya sa rai da ita sosai ba.

Adalci ne a faɗi cewa wannan lissafi bai hau kan kowa ba. Ɗan ci-rani da ke kwana a rumfa ko a ɗaki ɗaya da abokansa, ba shi da murhu balle firji, saye ya fi masa arha, domin mai tuwo-tuwo tana dafa wa mutum 100 a wuta ɗaya, kuma wannan rangwamen yawa shi take raba masa. Masu sayar da abinci kuwa, akasarinsu mata, sana'a suke yi mai riƙe da gidaje da yawa, kuma babu mai hankalin da zai nemi a kashe ta. Maganar ta shafi gidan da ke da iyali, da madafa, da baki biyar ko shida, inda yawan masu ci ya riga ya kai matsayin da tukunyar gida za ta fi ta waje sauƙi.

Ga masu neman inda za su sa jari kuwa, wannan matsi na lokaci kasuwa ce da ba a gama buɗe ta ba. Tsakanin ɗanyen cefane da dafaffen kwano akwai wani fili mai faɗi, watau kayan da aka yi wa rabin aiki: tafasasshen markaɗe a cikin kwalba ko roba mai murfi, da gyararren wake, da garin ɗanwake da aka riga aka haɗa, da yankakken nama da aka auna daidai tukunya ɗaya, da garin kuka da daddawa a ƙunshi mai tsabta mai ɗauke da rana da lambar NAFDAC. Mai kayan gwari a Mile 12 da ke karyar da farashin tumatir da yamma don tsoron kada ya kwana ya ruɓe, shi ne ya fi kowa kusa da wannan sana'a, domin abin da yake asara da yamma shi ne abin da uwargida ke nema a tafashe da dare. Kamfanin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a Owerri a shekarar 2015, ya nuna cewa ana iya gina ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a cikin kasuwa, a riƙa karɓar kuɗin ajiya a kan kowane kwando a kowace rana. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Arewa da ke Kudu, waɗanda ke da shugabanci da asusu da kuma amanar juna, suna da abin da ake bukata don su yi irin wannan a kasuwanninsu, har ma su ware wani sashe ga gidajen unguwa da ba su da firiza, a riƙa biya a kan kowace roba.